Kafa Wutar Sola a Gida: Inda Maigida Zai Rage Kuɗi da Inda Bai Kamata Ya Yi Tsimi Ba

BAUCHI — Tun da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar mai ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da Naira 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Afrilun 2024 kuma hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta na rukunin A zuwa Naira 225 kowane yunit. Waɗannan matakai biyu ne suka sa magidanta da 'yan kasuwa da dama a garin Bauchi, inda kamfanin rarraba wuta na Jos ke samar da lantarki, suka karkata ga wutar hasken rana.

Da yawa daga cikinsu kan yi tunanin haɗa kayan da kansu domin su huta da kuɗin ma'aikaci. Sai dai ladan ma'aikaci ƙaramin kaso ne na abin da ake kashewa. Kayan aiki ne ke cin mafi yawan kuɗin, musamman batir, kuma da yake daga ƙasashen waje ake shigo da su, galibi daga Sin, farashinsu na bin darajar Naira a kasuwar canji.

Saboda haka babban tsimin da maigida zai yi da kansa yana cikin lissafi ne tun kafin ya je kasuwa. Alal misali, gidan da ke da ƙwan fitila 6 masu wat 10 na awa 6, da fanka 3 masu wat 60 na awa 8, da talabijin mai wat 80 na awa 5, da firji mai shan kimanin wat-awa 1,200, yana bukatar wat-awa 3,400 a rana. Idan aka ƙiyasta awa 5 na rana mai ƙarfi, aka kuma cire kashi ɗaya cikin huɗu da ke ɓacewa a waya da zafi da ƙura, faifan sola biyu masu wat 550 za su wadatar. Wanda bai yi wannan lissafi ba, ko dai ya sayi abin da ya fi ƙarfin bukatarsa, ko kuma wutar ta riƙa ɗaukewa da tsakar dare.

Batun batir shi ne mafi nauyi. Batir mai ruwa na bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗaukar wat-awa 2,400, amma rabin wannan kawai ake so a sha idan ana son ya daɗe, kuma akan sake shi bayan 'yan shekaru. Batirin litiyam ya fi tsada a ranar saye, amma ana iya shan kusan dukan cajinsa, kuma yana jure caji sau dubbai. Ɗan kasuwa mai hangen nesa zai auna kuɗin shekara 10 ne, ba na ranar saye kaɗai ba.

Akwai kuma ayyukan hannu da maigida zai iya ɗauka. Zai iya zagaya shaguna a Wunti da sauran kasuwannin gari ya kwatanta farashi, ya nemi rasit da takardar garanti, ya kuma sa a gwada faifan a gabansa, domin akwai faifai da ake manna wa lambar wat da ta wuce ƙarfinsu. Zai iya sa mai walda na unguwa ya ƙera masa ƙarfen ɗora faifai. Da yake Bauchi na kusan digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, ana fuskantar da faifai kudu tare da ɗan karkata su kimanin digiri 10 zuwa 15, nesa da inuwar bishiya ko tankin ruwa. Wanke su a lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ke rage musu ƙarfi, shi ma aikin gida ne.

Amma haɗa inbata da wayoyin gida, da sanya makunnin sauya layi tsakanin sola da wutar kamfani, da fiyus, da wayar ƙasa mai kare gida daga tsawa, aikin ƙwararre ne mai takardar shaida daga hukumar NEMSA. Siririyar waya a ɓangaren batir kan yi zafi har ta haddasa gobara, kuma wutar da ta koma layin kamfani na iya halaka ma'aikacin da ke gyara a kan turke. Bugu da ƙari, masu sayarwa kan soke garanti idan an yi haɗin ba bisa ƙa'ida ba.

Ga mai ƙaramin jari, hanya mafi dacewa ita ce ya sayi inbata da za ta karɓi ƙarin faifai da batir nan gaba, ya fara da fitilu da fanka, sannan ya ƙara sauran a hankali gwargwadon samu.