Birkin Faifai a Jikin Keke: Kulawa da Daidaitawa

Duk wanda ya hau kekunan da, irin su Raleigh da Phoenix, ya san birkin sanda, wanda robobinsa biyu ke kama bakin rim. To amma da yawa daga cikin kekunan gwanjo da ke shigowa daga Turai suna ɗauke da wani iri dabam, watau birkin faifai, wanda hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta amince da shi a gasar kan titi a shekarar 2018. Matsalar ita ce, dabarun da masu gyara suka gada daga tsohon birki su ne sau da yawa ke kashe sabon.

Shi wannan birki ba ruwansa da rim. Faifan ƙarfe ne, mai faɗin milimita 160 a galibin kekuna, ake ɗaurewa a cibiyar ƙafa. Yana ratsawa ta cikin wani ɗan gida, mamatsi, mai ɗauke da takalma biyu. Idan mahayi ya damƙe hannun birki, sai takalman su matse faifan, keke ya tsaya. A wasu kekunan kebur ke jan mamatsin, a wasu kuwa mai ne ke tura shi ta cikin siririn tiyo.

Babban abokin gabar birkin faifai shi ne maiƙo. Al'adar mai gyara ce, da zarar ya ji ƙara a jikin keke, ya ɗiga baƙin mai a wurin. Nan kuwa ɗigo ɗaya ya isa ɓarna, domin takalman suna tsotse mai kamar yadda ƙasa ke shan ruwa. Daga nan sai birki ya riƙa kuka, amma ba ya kamawa, mahayi kuwa ba zai gane ba sai a gangara. Ko maiƙon yatsa ba a so a kan faifai. Da tsumma mai tsabta da sifirit ake goge shi, ban da kananzir. Takalmin da ya riga ya sha mai, canja shi ya fi wanke shi.

Idan faifai yana gogar takalmi, daidaitawar ba ta da wuya. A sassauta kusoshi biyun da ke riƙe da mamatsi, yawanci da alanki mai lamba 5, a damƙe hannun birki sosai, sa'an nan a ɗaure su kaɗan-kaɗan, wannan bayan wancan, ba tare da an saki hannu ba. A yawancin masu kebur takalmin waje ne kaɗai ke motsi, saboda haka sai a matso da na ciki dab da faifai ta hanyar murɗa kusarsa. In kuwa gugar tana zuwa ne sau ɗaya a kowane zagaye, to faifan ya lanƙwashe, sai a miƙar da shi a hankali da sifana mai tsabtataccen baki.

Ƙurar hunturu da taɓon damina suna cin takalma da sauri. Kamfanin Shimano ya ƙayyade a canja takalmi idan kaurin namansa ya sauko zuwa rabin milimita, faifai kuma idan ya sauko zuwa milimita 1.5. Sabon takalmi ba ya kamawa sosai sai an yi ta taka birki a hankali har ya saba da faifan.

Mai aiki da mai yana da nasa sharaɗi. Ba a damƙe hannunsa idan an cire ƙafa, don takalman za su haɗe. Haka kuma ba a zuba man birkin mota, wanda ake kira DOT, a birkin Shimano, domin yana lalata robobin da ke toshe yoyo.