Karin Maganar Kakanni, Jarin Gida

In kun shiga babbar kasuwar Sakkwato, ku kasa kunne ga masu ciniki. Wani ya zo neman rance yana sunkuyar da kai, sai mai rumfa ya yi dariya ya ce, "Bashi hanji ne, yana cikin kowa." Wata yarinya ta ƙyalla ido ga zanen da ya fi ƙarfinta, uwarta ta ce, "Kwaɗayi mabuɗin wahala." Kalma uku kawai, an gama gargaɗi, ba wanda ya ji zafi.

Akwai wani dattijon ƙasar Amurka da ya san darajar irin wannan magana, sunansa Benjamin Franklin. An haife shi a Boston a 1706, ya yi sana'ar ɗab'i a Filadelfiya. Yana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar 'yancin ƙasarsu a 1776, hotonsa ne kuma ke kan takardar dala 100. Tun daga 1732, har wajen shekara 25, yakan buga ɗan littafin kalanda kowace shekara. A ciki yakan sa gajerun maganganu masu ban dariya a kan tattali, da sammako, da gudun bashi. Akan sayar da wajen 10,000 a shekara. Shi da kansa ya ce yawancinsu tsinto su ya yi daga hikimar al'ummai dabam dabam.

To, namu fa? Baƙi ma sun ga darajarsu. Wani Bature mai suna Merrick ya buga tarin karin maganar Hausa a 1905, Kirk-Greene kuma ya tattara 500 a 1966. Amma littafin da ke ajiye cikin akwati ba ya horon yaro. Duk tsohuwar da ta rasu ba ta koya wa jikokinta ba, ta tafi da nata.

Ga shawararmu. Bayan tuwon dare, maigida ko uwargida su kawo karin magana ɗaya, su tambayi yara ma'anarta. Ku fara da "Wanda ya riga ka barci, dole ya riga ka tashi." Sarki Sulemanu ma da karin magana ya gargaɗi matasa. Yaron da ya tashi da waɗannan a kunnensa zai yi tunani kafin ya ci bashin biki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.