Zaɓen Iri Wajen Farfaɗo da Dajin Bakin Teku

A inda Kogin Kwara ya rarrabu ya faɗa teku akwai wani irin daji da ake kira mangurof. Itatuwansa cikin laka da ruwan gishiri suke tsirowa, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafu. A nan kifi da jatan lande ke hayayyafa, saiwoyin kuwa su ke hana igiyar ruwa cinye gaɓa. Duk Afirka babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan wannan daji, amma sara da malalar man fetur sun yi masa ɓarna, kamar yadda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya nuna.

Dasawa ba wuya, rayuwar dashen ita ce aiki. Bayan ambaliyar teku ta 2004 an yi dashe mai yawa a ƙasar Siri Lanka, amma da aka bincika wurare 23, rahoton 2017 ya ce a 9 ko tsiro ɗaya bai rayu ba. Yawancin laifin na zaɓen wuri ne. Sai dai akwai wani laifin da ido ba ya gani, watau na iri.

Mai tara 'ya'yan itacen yakan tsaya ga bishiya biyu ko uku da kwalekwalensa ya fi saurin kaiwa. To, sai dubban dashe su zama 'ya'yan uwa ɗaya, halinsu ɗaya, cutar da ta kayar da guda ta kayar da saura. Wanda ya saba zaɓen zangarniyar iri ba ya bukatar dogon bayani a nan.

Yanzu masana sukan tsinki ganye, su duba ƙwayoyin gado da ke cikinsa, su gane wace bishiya ce dangin wace. Ta haka aka tabbatar ɗaya daga cikin jajayen mangurof uku na gaɓarmu barbarar yanyawa ce tsakanin sauran biyun. A tsibirin Fuwato Riko kuma, can yankin Amurka, an gano a 1994 cewa inda mai ya gurɓata laka, bishiyoyi sun fi haifar 'ya'ya marasa launin kore, waɗanda ba sa rayuwa. A ganina wannan ya isa dalilin guje wa irin da aka tara a inda mai ya zuba.

Saboda haka ake tara iri daga bishiyoyi masu yawa, nesa da juna, a wurin da gishirinsa da lakarsa suka yi daidai da inda za a dasa, magatakarda kuma ya rubuta asalin kowane buhu a littafi.