Shaidar da Ƙasa Ta Ɓoye a Durɓi Takusheyi

Gabas da birnin Katsina, a ƙasar Mani, akwai wani kufai da ake kira Durɓi Takusheyi. Can akwai tuddai waɗanda mutanen wurin suka daɗe suna cewa kushewun sarakunan farko ne, watau Durɓawa. A shekarar 1907 Bature Palmer, mai mulkin Katsina a lokacin, ya sa aka tona waɗansu daga cikinsu. Sa'an nan a 1992 ma'aikatan Hukumar Gidajen Tarihi ta Nijeriya tare da masana daga Jamus suka tona uku.

Aikin ba irin na mai haƙar rijiya ba ne. Ana kankare ƙasa kaɗan-kaɗan, ana auna zurfin kowane abu, a rubuta inda ya kwanta da abin da ke kusa da shi, kana a ɗaga. Daga baya aka kai kayan birnin Mainz na Jamus, inda gwanaye suka tsabtace su. Aka sami awarwaro na hauren giwa, da mundayen tagulla, da duwatsun wuya, da kayan ado na zinariya, da kuɗin wuri waɗanda asalinsu tekun Indiya ne, da wata tasa ƙirar wajen Masar. Awon masana ya nuna an binne su tsakanin ƙarni na 13 da na 16 na Miladiyya. Ashe tun zamanin nan hajar gabas tana isowa ƙasar Katsina a hannun fatake.

To, abin lura ga mutanen Funtuwa da Malumfashi shi ne, su ma suna da tsofaffin birane, kamar Maska da Gozaki, ga kuma gonakin auduga da masara kewaye da su. Garma takan tono tsingaro ko kashin maƙera, wani kuwa ya tsinci abin tagulla ya sayar wa dillali a ɓoye. Malamai sun san labarin da ya rasa isnadi ba a kafa hujja da shi. Haka nan tukunyar da aka raba da makwancinta, ko da ta yi kuɗi a kasuwa, ba ta sauran shaida.

Saboda haka wanda ya ci karo da irin wannan a gonarsa, ya bar shi inda yake, ya sanar da dagaci, domin labari ya kai gidan tarihi na Katsina. Allah Ya ba da ikon riƙon amana, amin.