Dokar da Ta Ceci Mikiyar Amurka

A shekarar 1963, sa'ad da masana suka ƙidaya mikiya mai farin kai, wadda ita ce tambarin Amurka, ma'aurata 417 kaɗai suka samu a jihohi 48, domin maganin ƙwari na DDT ya raunana ɓawon ƙwanta, har uwa ta kwanta a kansa ya fashe a ƙarƙashinta. Aka haramta maganin a 1972, Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar kare halittun da ke gab da ƙarewa a 1973, tsuntsuwar ta farfaɗo, aka fitar da ita daga jerin halittun da dokar ke karewa a 2007.

Hikimar dokar kuwa ita ce, wanda ya rushe mazaunin dabba har ta halaka, hukuncinsa ɗaya da wanda ya cutar da ita da hannunsa, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 1995. Wannan ginshiƙi ne gwamnatin Trump ta nemi tumɓukewa a Afrilun 2025, abin da nake gani cin amana ne bayyananne, tunda idan aka tumɓuke shi, mai sarar katako zai iya share dajin da mujiya take sheƙa a ciki, muddin bai harbe ta ba.