Launin da Ake Shafa wa Potiskum a Taswirar Yunwa

Farashin mudun gero a kasuwar Potiskum ba ya tsayawa a bakin mai awo. Ma'aikatan hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, WFP, kan rubuta shi. Daga baya a haɗa shi da bayanan girbi da na lafiyar yara, ya rikiɗe ya zama launi a taswirar Cadre Harmonisé, wadda jami'an gwamnati da ƙungiyoyin agaji ke zama su fitar sau biyu a shekara.

Launukan biyar ne: kore, rawaya, ruwan lemu, ja, sai ja mai duhu, wanda ke nufin mutane na mutuwa da yunwa. Kowace daga ƙananan hukumomin Yobe 17 launi guda take samu.

A nan gizo ke saƙar. Ba a ɗaga yanki zuwa mataki mafi muni sai kashi 20 cikin 100 na mutanensa sun faɗa ciki. Ke nan ana iya shafa wa Potiskum ko Nangere rawaya alhali dubban gidaje na kwana ba a ɗora tukunya ba. Masu zanen sun san haka, shi ya sa suke haɗa taswirar da jadawalin yawan mabuƙata. Sai dai mai raba kuɗin agaji a Abuja, idonsa kan fara sauka ne a kan ja.