Fis da kaurin waya: lissafin da zafin Kazaure ke sauyawa

A gidaje da dama a Kazaure, Roni da Gwiwa, idan fis ɗin katawut ya ƙone ba a wahalar da kai neman sabo. Sai a yanko guntun wayar jan ƙarfe, a ninka ta biyu ko uku, a ɗaura a gurbinsa. Wuta ta dawo, kowa ya koma harkarsa, alhali an cire abin da ke tsare gidan daga gobara.

Aikin fis shi ne ya narke tun kafin wayar da ke cikin bango ta ɗau zafi. Bireka ma haka take, sai dai ita faɗuwa take yi a sake ɗaga ta. Shi ya sa ake zaɓar su gwargwadon abin da wayar za ta iya ɗauka. Duk wanda ya ƙara girman fis don guga ta daina kashe masa wuta, bai ƙara wa wayar kauri ba, nauyin kawai ya bar mata.

Lissafin ba shi da wuya. Wutar da kamfanin KEDCO ke rabawa a Kano, Katsina da Jigawa bolt 230 ce bisa ƙa'ida. Idan aka raba wat ɗin da ke rubuce a jikin na'ura da 230, sai a sami amfiyar da take ja. Dutsen guga mai wat 1,000 yana jan amfiya 4 da 'yan kai, hitar ruwa mai wat 2,000 kuwa kusan 9. A haɗa su a soket ɗaya da safiyar hunturu, an kai amfiya 13, wato iyakar fis ɗin da ke cikin filogi mai ƙafa uku.

Masu wayarin sun saba da tsarin: waya mai milimita 1.5 ta ƙwayaye da fanka ce, da bireka mai amfiya 6 ko 10. Mai 2.5 ta soket ce, da bireka mai 20. Na'urar sanyaya ɗaki da hitar banɗaki kowace da layinta, sau da yawa mai milimita 4, murhun lantarki kuma 6. Daga mita zuwa akwatin bireka, katawut mai amfiya 60 yana tafiya da jan ƙarfe mai milimita 16.

Amma akwai abin da ake yawan mantawa, kuma shi ya fi shafar wannan yanki. Teburan da aka samo waɗannan alƙaluma an gina su ne a kan iska mai zafin digiri 30. A watan Afrilu da Mayu zafin Kazaure da Babura kan wuce 40 a inuwa, balle cikin silin a ƙarƙashin kwano, inda mafi yawan wayoyin gida ke bi. Robar da ke lulluɓe da waya ba a so ta wuce digiri 70, don haka in wurin ya riga ya yi zafi, saura kaɗan ya rage mata. Waya mai 2.5 a cikin bututu tana ɗaukar amfiya 24 a digiri 30, amma a digiri 45 sai ta koma wajen 19. Ke nan bireka mai 20 ta fi ƙarfinta. Mafita ita ce a sauko zuwa bireka mai 16, ko a hau zuwa waya mai milimita 4, wadda ko a wannan zafin za ta ɗauki kusan 25. Wannan ɗan ƙarin kuɗi ya cancanci a biya shi tun lokacin gini, domin fasa bango daga baya ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Famfon rijiyar burtsatse shi ma yana son kulawa. Idan yana nesa da gida, wutar kan rage ƙarfi a doguwar siririyar waya, injin ya riƙa zafi har ya ƙone.

Sai maganar jabu. A kasuwa akwai naɗin da aka rubuta 2.5 a jikinsa amma zaren cikin bai kai ba, akwai kuma alminiyum da aka yi wa rufin jan ƙarfe. Idan aka kankare bakin wayar da wuƙa aka ga fari a ciki, to alminiyum ne. Hukumar SON ce ke kula da ingancin waya, ita kuma NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu wayarin takardar shaida. Kazaure, garin da ke da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, bai rasa waɗanda suka karanci lantarki ba. Mai gidan da ya ji warin roba ko ya ga soket ya yi baƙi, ya kashe layin nan take, ya kira ɗaya daga cikinsu ya auna nauyin da ke kansa kafin a sake kunnawa.